Linzamin Motar Yaya

Auta aikinsa gyaran ƙwaƙwalwar mota ne. Ba ya kwanciya ƙarƙashin mota kamar sauran kanikawan garejin, ba ya komawa gida dumu-dumu da baƙin mai. 'Yar rumfa gare shi a ƙarshen garejin, da tebur, da kujera mai karyayyen hannu, da wayoyi rataye a ƙusa. In aka kawo mota sai ya shiga gidan gaba, ya ɗora kwamfuta a cinya, ya jona waya a ƙasan sitiyari, ya karanto abin da ke cikin kanta: yawan man da za ta sha, yawan iskar da turbo zai cusa wa inji, da iyakar ƙarfin da aka yarje mata ta fitar. Masu ƙera mota sukan bar ɗan sarari a waɗannan lambobi. Sana'ar Auta ita ce ya gane girman sararin, ya ci wani, ya bar wani. Iyakar da yake bari kuwa, linzami yake ce mata. Duk motar da ta fita daga hannunsa, da linzaminta take fita.

Yayansa direba ne. Fasinja yake ɗauka daga tashar garinsu zuwa wani gari da ke bayan duwatsu, a wata tsohuwar doguwar mota mai shan gas. Shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu. Shi ya kama hannun Auta ya kai shi gareji, kuma lokacin da Auta ya ajiye sifana ya rungumi kwamfuta, kanikawa suna ta cewa yaron ya guje wa aiki ya koma wasa, Yaya ne ya tsaya ya ce a ƙyale shi, kan nan nasa ba irin namu ba ne. Motar Yaya ce ma ta farko da Auta ya taɓa da sunan kansa. Ya ƙara mata ɗan ƙarfi a lokacin, ta yi shekaru tana tafiya lafiya lau.

To amma shekaru sun ja. Matasan direbobi suka cika tasha da motoci masu sauran jini a jika, kuma a hanyar akwai wani dogon hawa da ke tona asirin kowace mota. A nan suke wuce Yaya kamar yana tsaye. Fasinjoji suka fara leƙa motarsa su ja da baya, su ce za su jira ta gaba. 'Yan tasha suka raɗa wa motar suna Kunkuru. Da farko Yaya yana taya su dariya. Daga baya ya daina.

Wata safiya ya shigo garejin, ya kashe mota a bakin rumfar Auta, ya fito yana kaɗa makulli.

"Auta, ka ga 'yar tsohuwar nan? So nake ka mayar min da ita budurwa."

Auta ya yi dariya, ya miƙe ya ba shi kujerar. "Yaya, ai wannan ko masu gyaran fuska sun sallama."

"Ban zo raha ba. Jiya wani yaro, wallahi na riga ubansa riƙe sitiyari, ya jera da ni a hawan nan, ya leƙo ya ce, 'Baba, a kawo igiya ne?' Fasinjojina suka kwashe da dariya. A cikin motata, Auta. Ni na ɗauko su."

Auta ya haɗiye dariyarsa. Ya ce su je ya ji ta da kunnensa tukuna.

Suka loda buhunan yashi a baya a madadin fasinja, suka kama hanya. Yaya na tuƙi, Auta na kallon lambobi suna rawa a fuskar kwamfuta. Tun daga gindin hawan abin bai yi masa daɗi ba. Turbo yana wani siririn kuka kamar ƙyauren da ya rasa mai. Matsin iska yana hawa yana faɗuwa maimakon ya tsaya wuri ɗaya. Zafin hayaƙin da ke fita daga inji ya haura inda hankali ke kwanciya tun ba su ci rabin hawan ba. Da suka tsaya a sama ya buɗe bonet, ya kwance bututun da ke kai iska cikin inji, ya zura yatsa. Yatsan ya fito sharkaf da baƙin mai.

"Ka gani, Yaya? Turbo ya fara yoyon mai ta ciki. Ya gaji. Ringi sun gaji, kuloci ma yana gab da sulɓewa. Abin da na ƙara mata a da, yanzu ya yi mata yawa. In don ta ni ne, ragewa zan yi."

"Ragewa?"

"A canza turbo, a sauke inji a yi masa aiki. In an gama sai in ƙara maka abin da za ta iya ɗauka. Ni zan tsaya a kai da kaina."

"Motar ta kwanta har yaushe ke nan? Layina a tasha fa? Wanda ya bar layi ai sai ya dawo ya tarar wasu sun yi saiwa a wurin."

"Zan riƙe gidan kafin nan."

"Ban zo bara ba. Maɓalli na ce ka danna. Da idona nake ganin 'ya'yan manya suna kawo maka motoci, ka danna, su fita suna ƙona taya. Sai ni da na zo za a buɗe min littafi?"

"Nasu injin sabo ne, Yaya. Jikin zai ɗauka."

"Nawa jikin ne ba zai ɗauka ba."

"Motar nake nufi."

"Na ji abin da kake nufi."

Yaya ya rufe bonet da ƙarfi. Suka dawo gari. A bakin garejin Yaya bai ma jira an sauke yashin duka ba, ya ture sauran buhunan da ƙafa, ya ja mota.

Wunin ranar Auta bai taɓa motar kowa ba. Ya buɗe lambobin motar Yaya yana juya su, ya ƙara nan ya rage can, yana neman wata hanya ta tsakiya. Duk inda ya ƙara abin da direba zai ji a ƙafarsa, sai zafin ya wuce abin da tsohon injin zai jure. Ya rufe kwamfutar.

Da yamma ya je gaida mahaifiyarsu. A gidan Yaya take zaune, a ɗakin da ke kallon tsakar gida. Ya tarar tana ninke kayan jikoki a bakin gado. Ta amsa gaisuwarsa a taƙaice.

"Me ya haɗa ka da yayanka?"

Ya fara yi mata bayani. Ta ɗaga hannu.

"Ni ban san turbo ba, ban san uban turbo ba. Abin da na sani, mutumin nan bai taɓa buɗe baki ya nemi abu a wurinka ba sai yau."

"Umma, kamar a ce wa mai ciwon zuciya ya shiga tsere ne."

"Au, ka zama likita kuma? Ka yi masa ko kaɗan ne mana, ya ji an yi masa."

"In na yi kaɗan ba zai ji komai ba, yaudara ce. In na yi abin da zai ji, injin zai tarwatse da shi a ciki."

Ta dube shi ta girgiza kai. "Kai dai ubanka ka biyo. Gaskiyarku ko gishiri ba ta da shi."

A bayan tasha akwai wani mai irin sana'ar Auta da ake kira Ɗan Wuta. Shagonsa kwantena ce da aka zana wa harsunan wuta, kullum kiɗa na tashi. Shi ba ya gwaji, ba ya hawa dutse da buhunan yashi. Fayil yake saukowa daga intanet ya juye wa duk motar da ta zo, tsohuwa ko sabuwa, kafin mai ita ya gama shan lemonsa. Ga fara'a, ga iya magana. Duk direban da ya shiga wurinsa sai ya kira shi Oga.

Ba a daɗe ba Yaya ya sake shigowa garejin. Tun daga ƙofa Auta ya ji muryar motar ta canza, ta yi kauri, salansarta tana tofar da baƙin hayaƙi. Yaya bai fito ba. Ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gefe.

"Shigo, malam likita."

Suka nufi hawan. Tun daga gindinsa Yaya ya taka totur, motar ta zabura har kan Auta ya bugi kujera. Wata farar mota sabuwa tana gabansu. Yaya ya fita gefenta, ya jera da ita, ya danna hon sau biyu, ya wuce. Sai ya fashe da dariya, yana dukan sitiyari da tafin hannu. Rabon da Auta ya ga wannan fuskar tun suna yara, lokacin da Yaya ke goya shi a keke su gangaro daga tudu. Shi ma ya ji daɗin ganinta. Amma hancinsa yana jin ƙaurin kuloci, kunnensa yana jin kukan turbo ya koma kamar ana wasa wuƙa.

Da suka tsaya a sama Auta ya ce Yaya ya kashe ya sake murɗa makulli. Fitilun gaban direba suka kama duka, ban da ɗaya.

"Ina fitilar gargaɗi?"

"Ɗan Wuta ya kashe ta. Ya ce ita ce ke tsorata mutane a banza."

"Yaya, bai bar mata linzami ko ɗaya ba. Ko injin yana narkewa, ba abin da zai rage mata wuta." Sannan ya sauke murya. "Na janye maganata. Bari in jona, in mayar da linzamin, in bar maka rabin wannan ƙarfin. Bai kamata ba, amma ya fi wannan."

Ya sunkuya yana laluben wurin jona waya. Sai ya ji an liƙe shi da salatif.

"Ya ce kar in bar kowa ya taɓa," in ji Yaya.

"Ni ne kowa?"

"Ranar da na zo wurinka ai ni ma kowa ne."

Auta ya ɗago ya zauna. Can ya ce, "To ka riƙe min abu ɗaya. In wata rana ka ji inji ya tashi da kansa, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa, to man jikinsa yake sha. Ka sa babbar giya, ka take birki, ka saki kuloci, ya shaƙe ya mutu. In ya ƙi, ka fitar da mutane ku yi nisa. Kar ka buɗe bonet."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Yaya, ya tayar da mota.

Washegari Auta ya je shagon Ɗan Wuta. Ya same shi a kan kujerar roba yana danna waya. Ya gaya masa motar da yake magana a kai, ya gaya masa halin da injin ke ciki, ya roƙe shi ya kira Yaya ya mayar mata da iyaka, tunda maganarsa yake ji yanzu.

Ɗan Wuta ya yi murmushi, ya rage kiɗan. "Oga, mai mota ya zo ya ce ga abin da yake so, na ba shi. Ni ba ubansa ba ne. Kai da kake ƙaninsa, me ka ba shi?"

Auta ya juya ya tafi, kiɗan ya sake tashi a bayansa.

Makonni suka wuce ba abin da ya faru. Motar Yaya ta koma cika kafin ta kowa. Sunan Kunkuru ya mutu a tasha. Yaya ya koma shigowa gida yana fito, yana ɗaga ƙaramar 'yarsa sama. Umma kuwa duk sanda Auta ya je sai ta soka masa. "Ga shi wani ya yi, sama ba ta faɗo ba." Har shi kansa Auta ya fara tambayar kansa ko tsoro ne ya yi masa yawa.

Abin ya faru ne da tsakar rana, rana tana dukan kwalta, mota cike da mutane da kaya. Sun kusa ƙarshen hawan sai turbo ya saki. Man da yake ta yoyo kaɗan-kaɗan ya kwararo cikin inji gaba ɗaya. Injin ya kama ihu shi kaɗai. Yaya ya ɗauke ƙafa daga totur, ihun ya ƙaru. Ya kashe makulli, har ya zare shi, injin bai san an yi ba. Ya tuna maganar Auta, ya sa babbar giya, ya take birki, ya saki kuloci. Kulocin da ya riga ya cinye kansa ya sulɓe, sai ƙauri. Farin hayaƙi ya rufe titi har ba ka ganin tafin hannunka.

Ya samu ya raɓe gefe, ya ja birkin hannu, ya fito yana fizgo mutane. Kowa ya fita ya ruga, sai wata tsohuwa a kujerar can baya, kaya sun danne mata ƙafa, tana ta salati. Yaya ya ja, kayan suka ƙi. Ya ga in wuta ta kama ba zai iya fitar da ita ba. Sai ya zagaya ya buɗe bonet, ya tuɓe rigarsa ya dunƙule, ya kai hannu zai toshe bakin da injin ke shaƙar iska. Hannun yana ciki injin ya fashe.

Tsohuwar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Fasinjojin ne suka naɗe hannun Yaya da ɗankwalin wata mata, suka tare mota.

Auta yana tsakiyar aiki matar Yaya ta kira shi. Ya bar kwamfutar a kujerar motar mutane, ya fita a guje. A asibiti ya tarar da su a dogon baranda, Umma a kan benci, matar Yaya a tsaye ta jingina da bango. Likita ya fito ya ce ran yana nan, amma yatsu biyu na hannun dama sun tafi, jijiyoyin sauran kuma sun ƙone. Hannun zai warke, amma ba zai ƙara damƙe abu ba.

Matar Yaya ta zame ta zauna a ƙasa. Umma ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dubi Auta, muryarta a kwance kamar tana tambayar ƙarfe nawa.

"Da kai ka yi masa, da haka ta faru?"

"Umma, ai abin da nake gudu ke nan."

"Tambayarka na yi. Da kai ka yi, da ka cire wannan linzamin naka?"

"A'a."

"Da ka kashe masa fitila?"

"A'a."

"To." Ta mayar da kanta ga ƙofar ɗakin. "Ya zo wurin ɗan'uwansa, ɗan'uwansa ya tura shi wurin bare. Ka tsira da hannunka mai tsabta. Ga nasa can."

Kwana biyu bayan haka Ɗan Wuta ya zo dubiya da leda cike da lemo da ayaba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Umma. Ya ce wallahi tun da ya ji bai runtsa ba, ya ce tsohon inji sai Allah, ya ce ƙaddara ta riga fata. Umma ta ce ya kyauta, Allah ya yi masa albarka. Auta yana tsaye a bakin taga, ya ji jini ya hau masa kai. Ya yi taku ɗaya, matar Yaya ta sha gabansa.

"Don Allah ka fita," ta ce a hankali. "Ba wurin nan ba."

Auta ne ya fita. Ɗan Wuta ya zauna har aka ɓare masa lemo daga cikin wanda ya kawo.

Labari ya zaga tasha, kuma kafin ya dawo ya canza kama. Ba wanda ke maganar fayil ko fitila. Cewa ake, bawan Allah yana da ƙani gwani a wannan aiki, ƙanin ya hana shi, sai 'ya'yan manya yake yi wa. Wasu direbobin da Auta ya saba gaisawa da su suka koma ɗauke kai. Wani tsohon bakanike a garejin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Gaskiyarka ce, yaro, amma da ka ɗan lanƙwasa." Wannan ta fi zagin ciwo, don ita ce maganar da yake gaya wa kansa.

Auta ya sa aka jawo motar zuwa gareji. Ƙarfe ya huda cikin injin ya fito ta gefe, rami kamar a zura kai. Ƙwaƙwalwar kuwa lafiyarta ƙalau. Ya ɓare salatif ɗin ya jona. Ya ga abin da ya riga ya sani: matsin iska an kai shi inda ko sabon turbo zai yi kuka, iyakar ƙarfi an share ta, iyakar zafi an share ta. Ya ɗauki kwamfutar ya tafi gida wurin Umma, ya buɗe a gabanta, ya fara nuna mata da yatsa.

"Ɗauke min wannan abin daga ɗakina," ta ce. Ko kallo bai ishe ta ba.

Bayan an sallami Yaya sai aka riƙa mayar da shi asibiti wankin ciwo. Auta ne ke kai shi, tunda shi ke da abin hawa. Yaya yakan zauna a gefe, hannun a naɗe a kan cinya, ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu duk sanda suka doshi mahaɗa. Ba sa magana sai ta dole. Auta ya lura kullum yayan nasa kan juyar da kai idan sun zo wucewa ta gaban tasha.

Wata rana suna dawowa, cunkoso ya riƙe su a kan gada. Yaya yana kallon waje ya ce, "Na yi abin da ka ce. Na sa babbar giya. Kuloci ne ya sulɓe."

"Na sani. Na gani da na buɗe."

"Ka kuma ce kar in buɗe bonet."



"Tsohuwar nan ta yi kama da Umma ta baya," in ji Yaya. "Shi ke nan."

Motoci suka matsa kaɗan, suka sake tsayawa. Auta ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Maganar da ta daɗe tana cin sa ta fito da kanta.

"Yaya, ka gaya mata."

"In gaya mata me?"

"Cewa na gaya maka. Cewa na roƙe ka in mayar da linzamin ka hana. Rabon da ta kira sunana tun a asibiti. A tasha ana nuna ni da baki. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa."

Wani mai sayar da ruwa ya ƙwanƙwasa gilashi, ya gaji ya wuce.

"Ta sani," in ji Yaya. "Kana tsammanin ba ta sani ba? Matata ta sani. Ni na fi kowa sani." Ya ɗaga naɗaɗɗen hannun kaɗan, ya mayar. "Amma in ba kai ba ne, to ni ne. Ni kuwa ka ga abin da nake tashi da shi kullum. Maɓallin riga sai 'yata ta saka min. In aka ce kuma ni na yi wa kaina, ni na yi wa yaran nan, don wani yaro ya yi min dariya a hanya, ban san inda zan sa kaina ba, Auta. Umma ma ta san ba zan iya ba, shi ya sa. Kai hannunka biyu. Ka riƙe min."

Auta ya ji kamar ya buɗe ƙofa ya fita ya bar motar a nan. Yana so ya ce wannan ba adalci ba ne. Yana so ya ce shi ma mutum ne, ita ma uwarsa ce. Ya juya ya dubi yayansa, ya ga yadda wuyan rigar ya yi masa yawa, ya ga furfurar da ba ta nan a bara.

"Har yaushe?" ya tambaya.

"Ban sani ba."

Aka yi musu hon daga baya. Auta ya sa giya.

Da suka iso gida Umma tana bakin ƙofa tana jira. Ta tari Yaya, ta tambaye shi jiki, ta tambaye shi me likita ya ce. Auta ya biyo su da ledar magani. Ta miƙo hannu ta karɓa, idonta yana kan Yaya. Yaya ya ɗan tsaya a bakin ƙofar kamar zai juyo, sai ya shige.

"Umma, na koma aiki," in ji Auta.

"To."

Hannun ya warke kamar yadda likita ya ce. Yaya ya koma tasha, amma a ƙasa: shi ke kiran fasinja yana cika wa matasan direbobin nan motoci, cikinsu har da wanda ya taɓa yi masa tayin igiya. An sayar da gangar motar ga masu kayan gwangwan. Ɗan Wuta ya buɗe shago na biyu a bakin babban titi, ya sa fitilu masu launi. Auta yana nan a rumfarsa. Masu zuwa wurinsa sun ragu, don an ce rowar ƙarfi gare shi.

Bai daina zuwa gidan ba. Yakan je ƙarshen mako da 'yar tsaraba ta yara, ya zauna a tsakar gida, shi da Yaya su yi hirar hanya da tsadar taya. Umma takan sa a kawo masa abinci, kuma takan tuna ba ya son yaji da yawa. In ya gaishe ta tana amsawa. Maganar da ta yi a barandar asibiti ba ta taɓa sake tayar da ita ba, kuma ba ta taɓa janye ta ba.